Gashi Cikin Ruwa: Ko Zai Maido Wa Masu Ciwon Jijiya Tsayuwa Da Tafiya?

Daga Wakilinmu

A cikin watan Mayu na shekarar 2023, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya wanda akan yi kowace shekara a birnin Janiba ya zartar da wani ƙuduri wanda bai sami yayatawa ba kamar yadda ya cancanta. Ƙudurin ya nemi ƙasashe su ɗauki aikin farfaɗo da marasa lafiya, watau gashi da motsa jiki da sake koya wa mutum harkokinsa bayan ciwo ya kayar da shi, a matsayin ginshiƙi na kiwon lafiya, daidai da ba da magani da yin tiyata. 

Ba a cika shekara guda ba, a watan Maris na 2024, sai mujallar likitoci ta Lancet Neurology ta buga wani babban bincike wanda hukumar ta sa hannu a cikinsa. Binciken ya nuna cewa a shekarar 2021 mutane fiye da miliyan dubu 3, watau sama da mutum ɗaya cikin kowane uku a duniya, suna ɗauke da wata larura ta ƙwaƙwalwa ko laka ko jijiya, tun daga ciwon kai mai tsanani har zuwa shanyewar ɓarin jiki. Ya kuma nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mace-mace da naƙasar da waɗannan cututtuka ke jawowa suna faruwa ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, inda ƙasarmu take.

Idan aka haɗa waɗannan labarai biyu, tambayar da ke tasowa ita ce: bayan an ceci ran mutum a asibiti, da me za a maido masa da ƙafafunsa? Ɗaya daga cikin hanyoyin da likitocin gashi suka daɗe suna gwadawa a ƙasashen waje ita ce sa majiyyaci ya yi motsa jiki a tsaye cikin ruwan ɗumi. Ya kamata mu duba abin da wannan hanya ta ƙunsa, da abin da bincike ya tabbatar game da ita, da kuma ko tana da mazauni a asibitocinmu.

FAƊUWA BA ƘARAMAR MASIFA BA CE

Mai lafiya ba ya tunanin tsayuwa, domin jikinsa yana yi masa ita ba tare da ya sani ba. Amma masana sun bayyana cewa tsayuwa daidai aiki ne na haɗin gwiwa. Ido yana faɗa wa ƙwaƙwalwa inda ƙasa take da inda bango yake. Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa waɗanda ke sanar da ita duk sa'ad da kai ya karkata ko ya juya. Tafin ƙafa da gaɓoɓi da tsokoki su ma suna aika nasu saƙon ta cikin laka. Ƙwaƙwalwa ce ke tattara waɗannan saƙonni, ta ba tsokoki umurni cikin ƙiftawar ido, don mutum ya gyara tsayuwarsa kafin ya kai ƙasa. Duk ciwon da ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, to ya taɓa tsayuwa.

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yakan jingina nauyinsa duka a kan ƙafar da ke da lafiya, yana jan ɗayar, saboda haka ɗan tuntuɓe kaɗan ya isa ya kayar da shi. Mai cutar Parkinson, wadda wani likitan Landan mai suna James Parkinson ya fara bayyanawa a rubuce a 1817, yakan sunkuya gaba, takunsa ya gajarce, wani lokaci ƙafafunsa su kafe a bakin ƙofa kamar an ɗaure su. Akwai kuma cutar da ke cinye rigar jijiyoyi, wadda likitoci ke kira maltiful sikilerosis, da raunin laka bayan haɗarin mota, da yaran da suka sami rauni a ƙwaƙwalwa wajen haihuwa. Dukansu matsalarsu ɗaya ce a wannan fanni: tangaɗi da faɗuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma a jerin haɗurran da ke kashe mutane ba da gangan ba haɗarin hanya kaɗai ya fi ta. Wani bincike da aka buga a Ingila a 1995 ya bi sawun mutane 108 waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki, ya tarar kashi 73 cikin 100 nasu sun faɗi aƙalla sau ɗaya cikin wata 6 da sallamarsu daga asibiti. Masu cutar Parkinson kuwa, bincike da dama sun nuna kusan kashi 60 cikin 100 sukan faɗi.

Karaya da fashewar kai su ne abin da ido ke gani, amma akwai ɓarnar da ta fi su daɗewa, ita ce tsoro. Dattijon da ya taɓa faɗuwa a makewayi yakan daina zuwa masallaci da kasuwa, ya koma zaman tabarma. Iyalinsa kuma, don tausayi, sai su hana shi ko da ɗaukar buta. Zaman nan shi ke ƙara raunana tsokoki da sandarar da gaɓoɓi, har ranar da ya yunƙura zai tashi ya sake faɗuwa. Likitan gashi yana son majiyyaci ya gwada tsayuwa mai wuya don ƙwaƙwalwarsa ta sake koyo, majiyyaci kuwa yana tsoron daɓen siminti. A wannan gaɓa ce ruwa ya shigo cikin maganar.

ABIN DA RUWA KE YI WA JIKI

Fiye da shekara 2,200 da suka wuce wani masanin lissafi Bagirke mai suna Arkimidis ya gano cewa duk abin da aka tsoma cikin ruwa, ruwan yakan tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Duk wanda ya taɓa jan guga ya san wannan ko bai san sunansa ba, domin guga ba ta yin nauyi sai ta rabu da ruwan rijiya. Likitocin gashi sun auna abin a jikin ɗan Adam. Idan ruwa ya kai wa mutum ƙugu, ƙafafunsa suna ɗauke da kimanin rabin nauyinsa ne kawai. Idan ya kai ƙirji, wajen kashi ɗaya cikin uku. Idan ya kai wuya, sai ya rage kusan kashi 10 cikin 100. Ke nan mutum mai nauyin kilo 70 wanda ƙafarsa ta kasa ɗaukarsa a tudu, cikin ruwa iya wuya kilo 7 kacal ake nema ta ɗauka. Likita kuma yana iya ƙara mata kaya sannu a hankali ta hanyar matsowa da majiyyaci zuwa inda ruwa bai da zurfi.

Abu na biyu shi ne kaurin ruwa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, saboda haka kowane motsi a cikinsa yana tafiya da nawa. Wanda ya yi tangaɗi a tudu ba shi da ko daƙiƙa guda ta gyara kafin ya sha ƙasa, amma a cikin ruwa faɗuwar takan zo a hankali, har ƙwaƙwalwar da ciwo ya rage wa sauri ta sami zarafin gane kuskure ta kuma gyara shi. Kuskuren da ba ya jawo rauni ana iya maimaita shi sau ɗari, kuma da maimaici ne jijiya ke koyo. Wannan kaurin har ila yau yana zama kamar nauyin da ake ɗagawa don ƙarfafa tsoka, sai dai shi yana bin ƙarfin mai motsin: in ka tura da sauri ya tare ka da ƙarfi, in ka sassauta ya sassauta.

Na uku, ruwa yana matsa jiki ta kowace fuska, kuma matsin yana ƙaruwa da zurfi. Wannan yana taimakawa wajen rage kumburin ƙafa, ana kuma jin cewa yana ƙara wa fata da gaɓoɓi sanin inda suke. Na huɗu shi ne ɗumi. Tafkin gashi na asibiti akan riƙe shi a wajen digiri 33 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, kusa da ɗumin fatar mutum, domin ɗumi yana sassauta tsokar da ta sandare, yana kuma rage zogi.

Motsin da ake yi ba ninkaya ba ce, kuma ba sai mutum ya iya iyo ba. Akan sa majiyyaci ya yi tafiya gaba da baya da gefe, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya juya, ya mayar da nauyinsa kan ƙafar da ta shanye, ya miƙa hannu ya kamo wani abu, wani lokaci kuma likita ya kaɗa ruwan da gangan don ya gwada ko zai iya riƙe tsayuwarsa.

DAGA JOJIYA ZUWA LANDAN

Wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi don neman sauƙi tsohuwar al'ada ce tun zamanin Girkawa da Rumawa, amma cutar shan inna ce ta shigar da abin cikin asibitocin zamani. A 1921 wani ɗan siyasar Amurka, Franklin Roosevelt, yana da shekara 39, ya kamu da ciwon da likitocin lokacin suka ce shan inna ce, ƙafafunsa biyu suka shanye. A 1924 ya je wani ƙauye mai suna Warm Springs a jihar Jojiya, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa da ɗumin digiri 31, ya ga cewa a cikin ruwan yana iya tsayuwa da motsa ƙafafu. Ya sayi wurin a 1926, a 1927 kuma ya kafa gidauniyar da ta mai da shi cibiyar jinyar masu shan inna. Daga baya ya zama Shugaban Amurka, kuma a wannan ƙauye ya rasu a watan Afrilu na 1945. Abin lura a labarinsa shi ne, duk da shekarun da ya yi yana shiga ruwan, bai sake tafiya da kansa ba tare da ƙarafa da mai tallafa masa ba. Ruwa ya ƙarfafa abin da ya rage masa, bai dawo da jijiyar da ta mutu ba.

A 1949 wani injiniya masanin halayen ruwa, James McMillan, tare da matarsa, suka fara koya wa 'yan mata naƙasassu iyo a makarantar Halliwick da ke arewacin Landan. Daga nan ya tsara matakai 10 waɗanda ake bi har yau: a fara da sabo da ruwa da sarrafa numfashi, sa'an nan a rage dogaro da mai koyarwa, a koyi juyawa ta kowace fuska da komawa tsaye, a koyi natsuwa wuri ɗaya ko ruwa na kaɗawa, kafin a zo kan tafiya. McMillan bai yarda a ɗaura wa ɗalibi abin da zai riƙe shi a saman ruwa ba, domin a ganinsa wanda aka tallafe ba zai koyi daidaita kansa ba. A garin Bad Ragaz na ƙasar Siwizalan kuma aka bunƙasa wata hanya dabam, inda majiyyaci ke kwanciya a saman ruwa bisa zobba masu iska, likita yana riƙe da shi yana sa shi turawa da jawowa. A 1993 wani mutumin Japan mai suna Jun Konno ya ɓullo da Ai Chi, watau motsi a hankali tare da dogon numfashi, a tsaye cikin ruwa iya kafaɗa. Waɗannan uku su ne hanyoyin da aka fi ambata a rubuce-rubucen likitoci.

ME BINCIKE YA TABBATAR?

Don a auna ci gaba, likitocin gashi sukan yi amfani da ma'aunin da wata masaniya 'yar Kanada, Katherine Berg, ta tsara a 1989. Ayyuka 14 ne ake sa majiyyaci, kamar tashi daga kujera, tsayuwa ido a rufe, ɗauko abu daga ƙasa da juyawa wuri ɗaya, a ba shi maki daga cikin 56. Akwai kuma gwajin agogo, inda ake ƙirga daƙiƙoƙin da mutum zai ɗauka ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna.

A 2008 masu bincike a Koriya ta Kudu sun raba mutane 25 da suka daɗe da shanyewar ɓarin jiki gida biyu. Kashi ɗaya suka yi motsa jiki cikin ruwa bisa hanyoyin Halliwick da Ai Chi, awa ɗaya sau 3 a mako har mako 8, ɗaya kashin kuma suka yi nasu a ɗakin gashi. 'Yan ruwa sun fi samun ƙarin maki a ma'aunin Berg, sun kuma fi iya ɗora nauyi a kan ƙafar da ta shanye. A 2014 aka buga irin wannan gwaji daga Italiya a kan masu cutar Parkinson 34, waɗanda suka yi awa ɗaya kullum, kwana 5 a mako, har wata 2. Duka ɓangarorin biyu sun sami ci gaba, amma waɗanda suka shiga ruwa sun fi samun daidaituwa da ƙwarin gwiwa, faɗuwarsu kuma ta fi raguwa.

To amma akwai wani gefen. A 2011 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, ta duba gwaje-gwajen da aka yi kan motsa jiki cikin ruwa bayan shanyewar ɓarin jiki. Guda 4 kaɗai ta samu waɗanda suka cika sharuɗɗanta, da mutane 94 gaba ɗaya, ta kuma yanke cewa hujjar ba ta isa a tabbatar da amfanin hanyar ko a ƙaryata shi ba. An yi ƙarin gwaje-gwaje da yawa bayan wannan, kuma akasarin waɗanda suka tattara su sun ga cewa ruwa yana gyara daidaituwar jiki, sau da yawa daidai da gashin tudu, wani lokaci ma fiye da shi. Sai dai masu tattarawar da kansu suna ta maimaita ƙorafi iri ɗaya. Mutanen da ake gwadawa ba su da yawa. Ba a bin sawunsu na dogon lokaci bayan an gama. Ba kuma yadda za a ɓoye wa mutum cewa cikin ruwa aka sa shi, saboda haka jin daɗin sabon abu yana iya shiga cikin sakamakon. Ban da haka, galibin waɗanda ake ɗauka masu iya tsayuwa ne da ɗan takawa, ba waɗanda ciwo ya kwantar gaba ɗaya ba.

Akwai kuma wata hujja ta hankali. A tudu mutum yake rayuwa, a nan zai tsallake kwata, ya hau dakali, ya durƙusa ya yi alwala. Ƙashi ma ba ya ƙarfi sai yana ɗaukar nauyi, ruwa kuwa sauke nauyin yake yi. Shi ya sa likitocin da suka san aikin suke ɗaukar ruwa a matsayin gada: a fara a ciki sa'ad da tsoro da rauni suka yi yawa, a riƙa haɗawa da gashin tudu, a ƙare a tudu. Duk wanda ya ce wa majiyyaci ruwa zai warkar da shanyewar jiki ko cutar Parkinson, to ya faɗi abin da babu binciken da ya nuna.

INDA HAƊARI YAKE

Matsin da ruwa ke yi wa ƙafafu da ciki yana tura jini fiye da rabin lita zuwa ƙirji idan mutum ya nutsa iya wuya. Zuciya mai lafiya ba ta damuwa da wannan, amma mai raunin zuciya yana iya galabaita, kuma da yawa daga cikin masu shanyewar ɓarin jiki suna da ciwon zuciya ko hawan jini tun asali. Saboda haka ba a sa wanda hawan jininsa bai daidaita ba, ko mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ta ba, ko mai zazzaɓi, ko gudawa, ko buɗaɗɗen gyambo, ko wanda ba ya iya riƙe bayan gida. Wanda ciwo ya taɓa masa haɗiya shi ma sai an yi hattara, don kada ruwa ya sarƙe shi.

Ɗumin da ke yi wa wani amfani yana iya cutar da wani. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa masu cutar rigar jijiyoyi ganinsu yakan dushe na ɗan lokaci bayan sun motsa jiki, daga baya aka gane zafin jiki ne sanadi. Su ruwa mai ɗan sanyi ake ba su, ƙasa da digiri 29 ko makamancin haka. Masu cutar Parkinson kuma jininsu yakan sauka farat ɗaya idan sun miƙe, ruwan ɗumi yana ƙara wannan, saboda haka lokacin fitowa daga tafki shi ne lokacin da jiri ya fi kama su. A ƙarshen 2019 likitoci a birnin Zurik sun ba da rahoton masu wannan cuta su 9, dukansu gwanayen iyo a da, waɗanda suka kasa ninkaya bayan an dasa musu na'urar da ke aika lantarki cikin ƙwaƙwalwa, ko da yake tafiyarsu a tudu ta gyaru. Darasin a fili yake: mai ciwon jijiya ba ya shiga ruwa shi kaɗai, komai gwanintarsa ta da.

INA MUKA TSAYA A NAN GIDA?

Bukatar ba ɓoyayya ba ce. Babban binciken nan na SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Ghana, har da Kano da Zariya, aka kuma buga sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa hawan jini shi ne kan gaba da nisa cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki, kuma ciwon yana kama mutane da dama tun suna cikin shekarun neman abinci. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan an ga na ƙarshe a Jihar Barno a 2016, amma waɗanda cutar ta riga ta shanye suna nan tare da mu, suna kuma manyanta. Ga waɗanda haɗarin babur da mota ke raunata wa laka kullum.

Aikin gashi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An fara shi a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko a 1945, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kansa a 1966, a 1988 kuma aka kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatansa rajista. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta da dama ƙwararrun wannan fanni ba su kai 10 ga kowane mutum miliyan ɗaya ba, kuma a wasu fiye da rabin masu bukata ba sa samun aikin sam. Wanda ya san asibitocinmu na karkara ya san cewa mai shanyewar jiki yakan koma gida da ƙwayoyi da addu'a, gashi kuwa sai wanda ya iya zuwa birni. A daidai wannan lokaci hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara, a 2023, cewa a riƙa yi wa irin wannan majiyyaci aikin farfaɗowa na aƙalla awa 3 a rana, kwana 5 a mako.

Tafkin gashi kuwa abu ne mai tsada. Gina shi ne ma mai sauƙi a kan riƙe shi, domin yana bukatar lantarki marar yankewa don ɗumama ruwa da tace shi, da sinadarin kulorin, da mai auna tsabtarsa kullum, da matakala mai ƙarfen riƙewa, da na'urar sauke wanda ba ya iya takawa. Ko a Ingila tafkunan asibiti da dama da aka rufe lokacin annobar korona a 2020 ba a sake buɗe su ba, har ƙungiyar likitocin gashi ta ƙasar ta yi ta kokawa. Ƙasar da ta sha ganin gine-ginen da aka buɗe da kiɗa aka bar su ga ƙadangaru ya kamata ta yi lissafi kafin ta haƙa rami.

Wani zai ce ai Allah ya hore mana koguna da madatsun ruwa. Wannan shawara ce mai haɗari. Ruwan kogi da na tafki a ƙasar nan yana ɗauke da tsargiya, ƙasansa laka ce mai santsi, zurfinsa kuma ba a san shi ba. Maɓuɓɓugar Wikki da ke gandun dajin Yankari a Jihar Bauci, wadda ɗuminta yake wajen digiri 31 dare da rana, kusan daidai da na Warm Springs, ta nuna cewa ba a hana mu irin wannan ni'ima ba, amma wurin shaƙatawa ne, ba asibiti ba, kuma ba inda za a kai majiyyaci ba tare da likita ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

A ganinmu matakin farko shi ne mutane, kafin gini. Kuɗin da zai gina tafki guda ya isa ya ɗauki likitocin gashi da dama aiki a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, inda sandar riƙewa da kujera da tabarma za su amfani ɗaruruwan mutane. Gwamnatocin jihohi su fara da wannan.

Na biyu, asibitocin koyarwa da na ƙashi, inda ake horar da ɗalibai, su ne suka cancanci a ba su tafki ƙarami mai zurfin da bai wuce ƙirji ba, wanda hasken rana zai ɗumama, tare da kasafin kula da shi na kowace shekara a rubuce tun kafin a sa harsashi. A nan ne kuma za a yi namu binciken, domin kusan duk abin da aka sani game da wannan hanya daga Turai da Asiya da Amurka aka samo shi.

Na uku, akwai wuraren ninkaya a filayen wasanni da jami'o'i da manyan masaukai waɗanda ke zaune babu kowa da hantsi. Ma'aikatun lafiya suna iya ƙulla yarjejeniya da masu su, a keɓe wasu sa'o'i a mako ga majiyyatan da likita ya tantance, ƙarƙashin kulawar ma'aikacin gashi da mai ceto. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta riga ta wajabta gyara gine-ginen jama'a yadda naƙasasshe zai iya shiga, kuma wuraren ninkaya na gwamnati suna cikin gine-ginen jama'a.

Na huɗu, tilas a kula da al'ada da addini. Magidanci ba zai bar matarsa ko mahaifiyarsa ta shiga ruwa a gaban maza ba, ita ma ba za ta yarda ba. Sai an keɓe wa mata lokacinsu, da ma'aikata mata, da tufafin da ke suturta jiki, in ba haka ba rabin masu bukata an rufe musu ƙofa tun ba a buɗe ba. Na biyar, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga tsarin, saboda haka ya dace a tabbatar cewa tsarin yana biyan kuɗin gashi na tsawon watannin da jinyar ke ɗauka, domin wannan aiki ba na zuwa ɗaya ko biyu ba ne.

Ga iyalan da ke jinya a gida kuwa, shawarar ita ce kada tausayi ya sa su zaunar da majiyyaci. A nemi likitan gashi tun da wuri, a tambaye shi ko ruwa ya dace da wannan majiyyaci, a kuma bi abin da ya ce. Sauran jama'a su riƙa auna jininsu, su rage gishiri, wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya bari don ya ji sauƙi, gama rigakafi ya fi magani. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ke zama a taron Janiba, kuma ƙudurin 2023 ya hau kanta kamar yadda ya hau kan kowa. Abin da ya rage shi ne a gan shi a kasafin kuɗin jihohi da ɗakunan gashi na asibitocinmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.